Garuruwan da kyamara ta sauya wa suna

A 'yan shekarun baya wani taron ƙara wa juna sani ya kai ni birnin Marakish na ƙasar Maroko. Da aka watse sai ya rage mini kwana biyu kafin ranar jirgina, wani abokin aiki ɗan ƙasar kuwa ya matsa mini lallai in je in ga Sawira, garin da Turawa ke rubutawa Essaouira, wanda a da ake kira Mogador. Na bi shawararsa. Tafiyar kusan awa uku ce a bas, ana fuskantar yamma har ƙasa ta ƙare a yi kiciɓis da Tekun Atilantika. Abin da ya fara tarbata iska ce. Ni da na tashi ina jin cewa daga hunturun Kano an rufe ƙofa, sai ga ni riƙe da hulata da hannu biyu ina neman bangon da zan raɓa.

Na hau ganuwar da ke fuskantar teku, wadda mutanen garin ke kira Skala. Doguwar farfajiya ce ta dutse, an jera manyan bindigogin igwa na tagulla bakinsu yana kallon ruwa, igiyar teku kuma tana ta dukan duwatsun da ke ƙasa. A can na tarar da wani matashi ɗan jagora tare da Turawa kamar goma sha biyu. A hannunsa akwai hotuna da aka lulluɓe da leda. Sai ya ɗaga guda, ya daidaita shi da bangon da ke bayansa, ya ce da Ingilishi a nan ne sarauniyar ta taka. Na matsa kusa, ina tsammanin zan ji labarin wata sarauniyar Maroko da karatuna bai kai kanta ba. Ashe Daenerys yake nufi, jarumar nan mai farin gashi ta fim mai dogon zango na Game of Thrones, wanda tashar HBO ta Amurka ta haska daga 2011 zuwa 2019.

Mai karatu da bai san fim ɗin ba bai yi asarar komai ba, domin ba irin wanda zan ba mutum shawarar ya kalla da iyalinsa ba ne. Amma na san da yawa daga ɗalibaina sun haddace shi a wayoyinsu fiye da yadda suka haddace abin da nake koya musu. A zango na uku, wanda aka nuna a 2013, an mayar da Sawira wani ƙagaggen birni mai suna Astapor, inda ake horar da bayi su zama mayaƙa a sayar. Jarumar ta zo ta yi cinikin mayaƙa dubu takwas, ta yi kamar za ta biya da ɗaya daga dodanninta masu fuka-fuki, daga bisani ta sa dodon ya ƙone uban bayin, ta 'yanta su. Wannan shi ne labarin da ɗan jagoran yake sayarwa a kan ganuwa, kuma Turawan nan sun saurare shi da natsuwar da ban taɓa samu a aji ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ganuwar da aka ara domin ƙagaggen labarin bayi tana da nata labarin na gaskiya, kuma akwai bayi a cikinsa. Sarkin Maroko Sidi Muhammad bin Abdullahi ne ya sa aka gina garin a cikin shekarun 1760, ya ɗauko wani injiniya Bafaranshe mai suna Théodore Cornut ya tsara masa shi. Shi ya sa titunan cikin birnin suke a miƙe, saɓanin lungunan Fas da Marakish da ke murɗewa kamar hanjin rago. Manufar sarkin ita ce ya tattara cinikin ƙasarsa da Turai a tasha guda da idonsa ke kai, ya karya Agadir da ke kudu wadda ke yawan yi masa taurin kai. Ya zaunar da attajirai Yahudawa da ake kira 'yan kasuwar sarki, ya ba ƙasashen Turai izinin buɗe ofisoshin jakadanci. Cikin ɗan lokaci aka yi wa garin laƙabi da tashar jirgin ruwan Tambutu, domin ayarin raƙuman da ya ƙetaro Sahara a nan yake sauke gashin jimina da ƙaro da hauren giwa da zinariya. Ayarin nan kuwa ba kaya kaɗai yake ɗaukowa zuwa Maroko ba, har da mutane. Daga cikin waɗanda aka girke su tsare sabon garin akwai rundunar baƙaƙen sojojin nan da ake kira Abidul Bukhari, wadda Sarki Maulaya Isma'il ya kafa tun da farko, aka kuma sa mata wannan suna saboda a kan littafin Sahihul Bukhari suke yin rantsuwar biyayya.

A nan bari in ɗan ratse. Mu Hausawa mun san zafin a ɗauki abinka a sa masa sunan wani. Fatar jan akuyar Sakkwato da majeman Kano suka jeme, ta bi ayari ta Gadamas da Tarabulus, tana isa Turai sai ta zama fatar Maroko, aka yi ta bangon littattafan manyan Turawa da ita da wannan sunan. To ga shi yau Marokon da ta ci sunan fatarmu an ci sunan garinta. Da na tuna haka a kan ganuwar sai na yi murmushi ni kaɗai, har wata Baturiya ta matsa mini tana zaton hoto nake son ɗauka.

Bayan baƙin sun watse na tare ɗan jagoran, muka gaisa, na haɗa guntun Larabcina da nasa Ingilishin. Ashe tarihi ya karanta a jami'a. Na tambaye shi me ya sa bai ambaci wanda ya gina ganuwar ba ko sau ɗaya. Ya dube ni kamar yadda ɗalibi ke duban malamin da bai san farashin shinkafa ba, ya ce, “Ustaz, in na ce Sidi Muhammad sai su duba agogo. In na ce Daenerys sai su fito da waya. Ni kuma ina da mahaifiya da ƙanne uku.” Ban sami amsar da zan ba shi ba. Wanda albashinsa ke shigowa ƙarshen wata, ko da a makare, ba shi da bakin yi wa mai neman na cefanen yau wa'azin kishin tarihi.

Ba wannan ne karon farko da aka sa wa garin rigar aro ba. A 1949 daraktan nan ɗan Amurka Orson Welles ya sauka Mogador domin ɗaukar fim ɗin Othello daga wasan kwaikwayon Shakespeare, ya mayar da ganuwar garin tsibirin Kubrus. Da ƙyar aikin ya kai gaci. Kamfanin Italiyan da zai zuba kuɗi ya karye tun ana farawa, tufafin 'yan wasa ba su iso ba, shi kuwa ga mutane ya tara yana ciyarwa. Sai ya yi dabara ya mayar da wata fitowar kisa cikin gidan wanka, inda babu abin da ɗan wasa ke buƙata sai tawul. Wannan fitowa da babu ta haifa ita ce masana fim suka fi yabawa har gobe. Shekara uku aka yi ana ɗauka ana tsayawa, in kuɗi ya ƙare sai Welles ya tafi ya fito a fim ɗin wasu ya samo ya dawo. A 1952 fim ɗin ya ci babbar lambar bikin fina-finai na Kan a Faransa, kuma da tutar Maroko aka shigar da shi, ƙasar da a lokacin ba ta ma sami 'yanci ba sai a 1956. Yanzu akwai wani ɗan dandali a bakin ganuwar da aka sa wa sunansa. Sai dai in mutum ya kalli fim ɗin zai ga abu guda: Othello baƙin kwamanda ne daga irin mutanen arewacin Afirka, amma Welles da kansa ya shafa baƙi a fuska ya fito a matsayinsa, a cikin garin da ke cike da mutanen da Allah Ya halitta da wannan fatar.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cikin masu cewa a kori masu kyamara. Adalci ya sa in faɗi abin da suka kawo, kuma ba kaɗan ba ne. Maroko ta daɗe da gane cewa haskenta da duwatsunta da tsofaffin gine-ginenta haja ce. Tun 1944 take da hukumar kula da fina-finai. A Warzazat, bayan tsaunukan Atlas, an buɗe babban sansanin shirya fim a 1983, yau kuma ƙasar na mayar wa kamfanin waje kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da ya kashe a cikinta in ya cika sharuɗɗa. Fim ɗin Ar-Risala na Mustafa Akkad, wanda kusan kowane gidan Bahaushe mai bidiyo ya taɓa kallo, a Maroko aka fara ɗaukarsa kafin a ƙarasa a Libiya ya fito a 1976. Kafinta da tela da direba da mai raƙumi da mai dafa abinci duk suna samu. Akwai mutanen da sana'arsu kenan cika taro a fim: bana su fito a mutanen Ƙudus, baɗi a Misirawan Fir'auna, wata shekarar a 'yan ta'adda, gemu ɗaya ana ta sauya masa addini.

Misalin da ya fi burge ni shi ne Ait Bin Haddu, wani tsohon gari na ginin ƙasa a kan tudu, a hanyar ayarin da ke tafiya Marakish. Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya ya san halin ginin ƙasa: in aka yi damina biyu ba a yi yaɓe ba, ya fara komawa inda ya fito. Yawancin iyalan garin sun ƙaura zuwa sababbin gidaje a ƙetaren kogi, kuma da an bar shi da ya zama kufai. Amma tun daga Lawrence of Arabia na 1962 zuwa Gladiator na 2000 masu fim ba su daina zuwa ba, a bayansu kuma 'yan yawon buɗe ido. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Kuɗin baƙi na cikin abin da ya sa magina suke ci gaba da cuɗa ƙasa a can. Shi ma a Game of Thrones an mayar da shi birnin bayi mai suna Yunkai, aka kuma rufe zangon da wata fitowa da ta jawo ce-ce-ku-ce, inda ɗaruruwan 'yan Maroko masu cika taro suka ɗaga farar jarumar sama suna kiranta uwa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, in ji Hausawa. A nan kurar ma ta ɗan sami nata, amma sai da ta ɗauki gardin a ka.

Inda abin ya fi yin tsanani ba a Afirka ba ne, a Turai ne. Dubrovnik birni ne a gaɓar tekun Adiriyatik a ƙasar Kuroshiya, kewaye da ganuwar dutse mai tsawon kusan kilomita biyu. Ɗaruruwan shekaru ya yi yana cin gashin kansa da sunan Jamhuriyar Ragusa, ƙaramar ƙasa ta 'yan kasuwar teku da ta iya zama da manya, tana biyan Daular Usmaniyya haraji tana kuma ciniki da Kiristocin Turai. A 1377 mahukuntansa suka kafa dokar killace duk wanda ya fito daga inda ake annoba na kwana talatin kafin ya shiga gari, dabarar da duniya ta koma mata a zamanin korona. A 1416 suka haramta cinikin bayi, tun Turawan Fotigal ba su fara jigilar mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma ba. Girgizar ƙasa ta rusa shi a 1667 aka sake ginawa. A ƙarshen 1991, lokacin wargajewar Yugoslabiya, aka yi masa ƙawanya aka yi ta ruwan bama-bamai, ranar 6 ga Disamba ta fi kowace muni, kusan biyu cikin uku na gine-ginen tsohon birnin suka taɓu. Daga baya kotun duniya da ke Heg ta ɗaure manyan hafsoshi biyu saboda wannan hari, har da laifin lalata kayan tarihi. Wanda ya hau ganuwar a yau zai iya gane gidajen da aka yi wa sabon rufi, domin jan rufinsu ya fi na tsofaffin haske.

Wannan birni mai irin wannan tarihi shi ne daga zango na biyu aka mayar King's Landing, fadar sarautar da ake kashe-kashe a kanta a fim ɗin. Dama can Dubrovnik na samun baƙi, amma fim ɗin ya zo ya ƙara wa wutar fetur, ga kuma manyan jiragen ruwan shaƙatawa da kowannensu ke sauke dubban mutane a safiya guda. Tsohon birnin da ke da mazauna wajen dubu biyar a 1991 ya koma bai kai dubu biyu ba. Mai gida ya ga abin da zai samu a wurin baƙo a mako ya fi na ɗan haya a wata, sai ya sallami ɗan haya. Mai sayar da burodi ya tashi, mai sayar da riguna masu hoton dodo ya shiga. Har ta kai UNESCO ta ba da shawarar kada waɗanda ke cikin ganuwa a lokaci guda su wuce dubu takwas, magajin garin da aka zaɓa a 2017, Mato Franković, ya ce shi dubu huɗu ma yake so, aka kuma taƙaita jiragen zuwa biyu a rana. Abin da igwa ba ta iya yi ba a 1991, wato fitar da mutanen garin daga gidajensu, kuɗin haya ya yi shi ba tare da an fasa ko taga ɗaya ba.

Ɓarnar wani lokaci a jikin ƙasar take sauka. A Tailan akwai wani lungun teku mai suna Maya, kewaye da dogayen duwatsu, inda aka ɗauki fim ɗin The Beach da ya fito a 2000. Masu fim ɗin sun ga wurin bai kai kyan da suke so ba, sai suka baje tudun yashi suka dasa bishiyoyin kwakwa, aka yi ta shari'a a kai sama da shekara ashirin. Labarin fim ɗin kuwa na wata ɓoyayyar aljannar duniya ce da mutane suka lalata da son kai, sai ga 'yan kallo sun yi tururuwa sun cika masa mafarkinsa. Jiragen ruwa suka kashe murjani, dole hukuma ta rufe wurin a tsakiyar 2018, ba a buɗe ba sai farkon 2022, kuma da sharaɗin ba a iyo. A tsibirin Gozo na ƙasar Malta ma an yi rigima a 2010 da masu Game of Thrones suka zuba niƙaƙƙen dutse a kan wani wuri da doka ta kare domin ya yi kama da hamada.

Duk da haka ni ba yawan baƙi ne ya fi damuna ba, domin wannan matsala ce da doka da ƙidaya za su iya magancewa, kuma ga shi ana magancewa. Abin da doka ba ta iya kamawa shi ne yadda labarin aro ke danne na gado. Na fi fahimtar wannan a ƙasar Gana, inda na taɓa ziyartar gidajen bayi biyu da ke bakin teku, tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci a mota. Na Elmina Turawan Fotigal suka gina a 1482, Holan ta ƙwace a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. Na Kef Kwas kuwa shi ne hedikwatar Ingilishi, inda aka gina ɗakin ibada a saman kurkukun maza, masu addu'a a sama, waɗanda aka ɗaure a ƙasa. Wanda ya shiga kurkukun nan aka kashe masa fitila na minti ɗaya ba ya buƙatar lacca. Mu kuma ba baƙi ba ne a wannan labari, ko da ba ma son tunawa. Kasuwar Salaga da fatakenmu suka yi ta zuwa sarin goro kasuwar bayi ce kuma, daga can ake kora wasu kudu zuwa teku. Akwai hannunmu a cikin sayarwa, akwai jininmu a cikin waɗanda aka sayar.

Daraktoci biyu sun kawo kyamara wannan gaɓa tsakanin shekara shida. Werner Herzog, Bajamushe, ya zo da fim ɗin Cobra Verde na 1987, labarin wani ɗan fashi daga Barazil da ya zama dillalin bayi a Wida ta ƙasar Dahomey. Ya ari Elmina ta tsaya a madadin Wida, ya tara ɗaruruwan 'yan Gana, ya sa wa wasu sarƙa. Hotunan suna da kyau ƙwarai, ba na musu, amma idon kyamarar a kan Baturen yake daga farko har ƙarshe, baƙaƙen kuwa ado ne kamar yadda teku da bango suke ado. Kuma ta Widan gaske ce aka yi jigilar Hausawa da dama zuwa Bahiya a farkon ƙarni na 19, inda suka yi ta tayar wa iyayen gijinsu ƙayar baya. Wannan ba ya cikin abin da ya dami Herzog.

Haile Gerima, ɗan Habasha da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Howard ta Amurka, shi kuma ya fito da Sankofa a 1993. Kalmar ta harshen Akan ce, tana nufin koma baya ka ɗauko abin da ka bari. Fim ɗin ya buɗe da wata baƙar Ba'amurkiya mai tallan kayan ƙawa, ana ɗaukarta hoto a gidan bayin Kef Kwas, tana juyi tana dariya, ba ta san ko ina ne take tsaye ba. Daga nan aka ja ta cikin kurkukun, ta farka a zamanin bauta. Wato Gerima ya ɗauki ainihin laifin da nake magana a kai, na mayar da wurin kuka wurin ɗaukar hoto, ya gina fim ɗinsa a kansa. A fim ɗinsa gidan ya fito da sunansa, ya yi magana da bakinsa. Manyan kamfanonin rarraba fim na Amurka suka ƙi karɓa, sai ya riƙa hayar silima gari-gari yana nunawa da kansa, baƙaƙen fata suna cika ɗakin. Dutse ɗaya, teku ɗaya, amma a hannun mutum biyu sun faɗi magana biyu, kuma bambancin bai wuce na wanda ya zo aron bango da wanda ya zo gaishe da masu gida ba.

Mu a ƙasar Hausa ba mu da teku, kuma ba na jin wani kamfanin Amurka zai zo ya mayar da Dala fadar dodanni nan kusa. Mafi kusa da muka gani shi ne Agadas, inda daraktan Italiya Bernardo Bertolucci ya ɗauki wani sashe na fim ɗinsa The Sheltering Sky na 1990, har yau kuma ana nuna wa baƙi gidan da aka yi amfani da shi. Tamu matsalar ta sha bamban da ta Dubrovnik. Su kyamara ta yi musu yawa, mu tamu ta juya wa namu baya. Ina kallon fina-finan Kannywood, kuma ba na cikin masu raina su, domin sun raya harshen nan fiye da yadda mu malaman jami'a muka yi da duk muƙalunmu. Amma a ƙirga fim nawa ne aka ɗauka a falo mai manyan kujeru da labule har ƙasa, a gidan da za a iya samun irinsa a Dubai ko Abuja, sa'annan a ƙirga nawa ne suka shiga marinar Ƙofar Mata ko Kasuwar Kurmi ko zauren Gidan Makama. Matasan daraktocin da na yi hira da su sukan ce neman izini wahala ne, jama'a na taruwa su hana aiki, 'yan kallo kuma gidan mai kuɗi suke son gani. Na yarda da su rabi. Ragowar rabin shi ne an koya mana kallon ginin ƙasa a matsayin shaidar talauci.

A halin da ake ciki badalar Kano tana ta narkewa, ana yanka ta ana fitar da filaye, wasu ƙofofin an rushe an sake gina su da siminti. Tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ta ce za ta nema wa shiga kundin UNESCO, tana nan a layi, kowace damina kuma abin da za a nuna wa masu tantancewa yana raguwa. Da aka zo da maganar gina ƙauyen fim a Kofa a 2016, aka yi ta muhawara a kan tarbiyya har gwamnati ta janye. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, ba zan sake tayar da ita a nan ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne a duk zafin muhawarar ban ji wanda ya tambayi me za a ɗauka a ciki ba, labarin wa, da idon wa. Alhali muna da abin koyi a gida: a 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, labarin yaron da bauta ta raba da mahaifiyarsa ta ƙetara da shi Sahara. Ɗalibaina da suka san sunan kowane birni a Game of Thrones, da na tambaye su wa ya taɓa ganinsa, hannu biyu ne suka tashi a aji mai mutum sama da ɗari, ɗayan ma daga baya ya ce littafin yake nufi.

Daren da zan bar Sawira na bi wani lungu kusa da zawiyar Sidna Bilal, sai na ji wani ƙarfe yana kaɗawa, sautin da na rantse na san shi. Na tarar da wani dattijo zaune a kan tabarma da wani abin kiɗa mai tsirkiya uku a cinyarsa, kamar babbar garaya, samari biyu a gefensa suna kaɗa ƙarafa bibbiyu a kowane hannu. Su ƙaraƙib suke ce musu. Ni sambani na gani, irin wanda kakata da ƙawayenta ke kaɗawa a watan Mauludi. Waɗannan su ne Ginawa, jikokin mutanen da ayari ya kawo daga ƙasashenmu. Suna da zaman dare na kiɗa da turare da launuka domin neman waraka, wanda duk wanda ya san bori zai gane danginsa ne. Tun 1998 ake yi musu babban biki a garin kusan duk shekara, a 2019 kuma UNESCO ta sa kiɗansu cikin al'adun da duniya ta gada. Shugaban makaɗansu ma'allam ake ce masa, kalmar da ta fito tushe ɗaya da malam ɗinmu.

Da suka tsagaita na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Malam, sannu da aiki.” Ya tambaye ni daga ina. Na ce Najeriya, bai nuna ya damu ba. Na ce ni Bahaushe ne. Sai ya ajiye abin kiɗan, ya kama hannuna da nasa biyu, ya ce wa samarin wani abu da sauri da ban kama ba. Ɗayansu ya fassara mini cewa sunan Hausa yana cikin waƙoƙin da ya gada daga mahaifinsa, tare da na Bambara da Fulani, yana rera shi tun yana yaro, amma bai taɓa riƙe hannun mai sunan ba. Ya sa aka kawo shayi mai na'ana'a. Ya tambaye ni ko garinmu da nisa, na ce a jirgi ba nisa, a raƙumi kuwa wata da watanni. Ya gyaɗa kai, ya ce haka aka gaya masa.

Muna cikin shan shayin wasu matasa biyu masu jakar goyo suka tsaya a kanmu, ɗaya ya miƙo waya da hoton ganuwa, yana tambayar ta ina ake bi zuwa Astapor. Dattijon ya nuna musu hanya da haɓa, ya ɗauki abin kiɗansa ya ci gaba da ɗaure tsirkiya.